Ragar da ta ɓata a ruwa ba ta daina kamu: tambayoyi da amsoshi kan kuɗin da gwamnatoci ke kashewa

Wasu ƙasashe, irin su Kanada da Norwe da Amurka da Koriya ta Kudu, suna ware kuɗi daga baitulmalinsu domin a ciro raga da igiyoyi da tarkunan kifi da suka ɓata ko aka yasar a cikin teku. Mai karatu a Gombe ko Bauchi zai iya ganin wannan lamari ne na mutanen bakin teku, amma masuncin Dadin Kowa da ya wayi gari ya tarar ruwa ya tafi da ragarsa ya san matsalar tun kafin a sa mata suna. An tsara wannan shafi ne domin amsa tambayoyin da suka fi tasowa a kan batun, tun daga yadda ɓarnar take faruwa har zuwa abin da za mu iya ɗauka daga ƙasashen da suka riga mu farawa.

Waɗanne irin kaya ake nufi?

Ana nufin duk wani kayan su da ya fita daga hannun mai shi ya zauna a cikin ruwa, ko da gangan aka bar shi ko kuwa ƙaddara ce. Raga da taru da birgi, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gura, da igiyoyi da dalma da abin da ake ɗaurawa don raga ta yi iyo, duk suna ciki. A teku kuma akwai manyan tarkunan ƙarfe da ake kama ƙaguwa da su, da ragar da jiragen ruwa suke ja a ƙasan teku. Turawa sun laƙaba wa irin waɗannan kaya suna mai ma'anar kayan fatalwa, domin suna ci gaba da aiki alhali babu mai su a wurin.

Ta yaya ragar da babu mai dubawa za ta ci gaba da kamu?

Raga ba ta san cewa mai ita ya rasa ta ba. Muddin tana miƙe a cikin ruwa, dalma tana jan ƙasanta, abin iyo yana ɗaga samanta, to kifin da ya zo wucewa zai sa kai ya maƙale kamar yadda aka tsara ta ta yi. Bambancin kawai shi ne babu wanda zai zo da asuba ya cire shi. Kifin zai mutu a wurin, ƙamshin gawarsa ya jawo wasu kifaye da ƙaguwa da sauran masu cin mushe, su ma su maƙale. Idan nauyin matattun ya yi yawa sai ragar ta kwanta a ƙasa, bayan sun ruɓe ta yi sauƙi ta sake miƙewa, kamun ya dawo sabo. Tarko ma haka yake, domin abin da ya mutu a cikinsa shi ne yake zama abincin da zai yaudari na gaba.

A zamanin da kakanninmu suke saƙa raga da zaren auduga ko na rama, suke kuma yin gura da kara da itace, ruwa da kansa yake magance wannan. Ragar da ta ɓata takan ruɓe cikin ɗan lokaci, ta koma ƙasa. Daga wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 ne zaren nailan ya mamaye sana'ar a duniya, kuma dalilin da ya sa masunta suka rungume shi, wato ƙarfi da arha da rashin ruɓewa, shi ne dai dalilin da ya sa ya zama annoba idan ya ɓata. Ana ƙiyasta cewa siririn zaren roba da ake fatsa da shi yana iya kai shekaru 600 kafin ya narke. Ko ya gutsuttsure ma bai tafi ba, ya dai koma ƙananan ɓarɓashin roba da kifi yake haɗiyewa.

Ba kifi kaɗai abin yake ci ba. Kififiya da tsuntsayen ruwa da manyan dabbobin teku da suke buƙatar fitowa sama su shaƙi iska suna nutsewa idan raga ta riƙe su. A mashigin tekun Kalifoniya da ke Meziko akwai wata ƙaramar dabbar teku da ake kira vaquita, wadda ragar da ake kafawa ba bisa ƙa'ida ba don kama wani kifi mai tsada ta kusa ƙarar da ita, har ta kai waɗanda suka rage ba su wuce kimanin goma ba.

Shin abin yana da yawan da zai sa a ware masa kuɗi na musamman?

Adadin da aka fi ambata shi ne tan 640,000 na kayan su da ke ɓata a teku a shekara, wanda ake dangantawa da rahoton 2009 na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tare da hukumar muhalli ta Majalisar. Wannan adadi tsohon kirdado ne, kuma bai kamata a riƙe shi kamar an auna a sikeli ba. Binciken da ya fi shi tushe shi ne wanda masana a Ostireliya suka wallafa a 2022 bayan sun tattauna da masunta 451 a ƙasashe bakwai. Sun ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan kamun kifi na duniya suna ɓata kowace shekara, ciki har da tarkuna fiye da miliyan 25, da ƙugiyoyi kusan biliyan 14, da igiyar mamari mai tsawon kusan kilomita 740,000. Wani binciken na 2018 a kan tarin sharar da ke yawo a Tekun Pasifik tsakanin Hawai da Kalifoniya ya gano cewa aƙalla kashi 46 cikin 100 na nauyin sharar ragar kamun kifi ce.

Raga tana da tsada. Me zai sa masunci ya bar ta a ruwa?

Mafi yawan lokaci ba ya barin ta da son ransa, kuma duk shirin da aka gina a kan zaton cewa masunta masu sakaci ne ya soma da kuskure. A teku, guguwa takan tsinke igiya, jirgi yakan bi ta kan alamar da ke nuna inda tarko yake ya yanke ta, raga takan sarƙe da dutse ko tarkacen jirgin da ya nutse, sa'annan jirgin da ke jan raga yakan kwashe tarkunan wasu ya watsar. A madatsun ruwa irin namu kuwa, kututturen itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka tare kogi suna nan a ƙasa suna kama raga, dorina tana yaga ta, ambaliyar damina kuma tana tafiya da abin da aka kafa cikin dare.

Akwai kuma yasarwa da gangan, kuma ita ma tana da dalilanta. Masu su ta haramtacciyar hanya sukan yanke raga su gudu idan sun hango jami'an sintiri. Wanda ragarsa ta tsufa ta daina amfani kuma, idan babu inda zai kai ta a tudu, ko kuma sai ya biya kafin a karɓa, ruwa ne juji mafi kusa da shi. Yarjejeniyar hana gurɓata teku daga jiragen ruwa, wadda ake kira MARPOL, ta haramta zubar da roba a teku har da raga tun ƙarshen 1988, amma doka ba ta da ido a tsakiyar teku.

Wace ƙasa ce aka fi kafa misali da ita wajen ware kuɗi?

Kanada ce, saboda ta buɗe asusu na musamman kuma ta bayyana yadda take raba shi. Ƙasar tana da babbar sana'ar kama ƙaguwa da lobsta, wata halittar teku mai ɓawo mai kama da ƙaton jatan lande, a gabar Atilantika, sana'ar da ake yi da tarkuna masu dogayen igiyoyi. A 2017 wani nau'in babban kifin wel da bai kai 500 ba a duniya ya yi asarar guda 12 a ruwan Kanada, wasu jiragen ruwa suka buge su, wasu igiyar kamun kifi ta sarƙe su, abin da ya tayar da hankalin jama'a kuma ya jawo hankalin gwamnati ga yawan igiyar da ke cikin ruwa. A 2018 Kanada ta shiga gamayyar duniya ta yaƙi da kayan fatalwa, wadda ƙungiyar World Animal Protection ta kafa a 2015. A 2019 ma'aikatar kamun kifi da tekuna ta ƙasar ta sanar da asusun dalar Kanada miliyan 8.3, aka fara rabawa a 2020. An ƙara miliyan 10 a 2021, aka sake ƙara miliyan 10 a 2022, sa'annan bayan guguwar Fiyona ta watan Satumba 2022 ta watsa tarkuna da igiyoyi a gabashin ƙasar aka ware kimanin miliyan 30, jimilla ta haura miliyan 58.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne hanyoyi huɗu da aka bi da kuɗin. An biya waɗanda suke fita su ciro kayan, kuma da yawansu masunta ne da ƙungiyoyinsu da al'ummomin 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka san ruwan. An samar da wuraren karɓar tsofaffin kaya a tashoshin jiragen ruwa da hanyar sake sarrafa su. An taimaka wa masunta su gwada sababbin na'urori, kamar alamar da ke aika saƙon inda tarko yake, da tarkon da ba ya barin igiya tana reto a cikin ruwa sai an kira ta. Aka kuma ba da wani kaso ga ayyuka a ƙasashen waje. Tare da wannan, tun 2020 Kanada ta wajabta wa duk mai lasisin su na kasuwanci ya kai rahoto idan ya rasa kayansa, kuma kayan da aka ciro ɗauke da lambar mai su, idan suna da sauran amfani, ana mayar masa. Wannan ƙaramin mataki na mayarwa yana da tasiri babba, domin ya sa masunci ya ga rahoton a matsayin hanyar samun dukiyarsa, ba kai kansa ƙara ba.

Sauran ƙasashe fa?

Norwe tana cikin waɗanda suka fara. Tun farkon shekarun 1980 hukumar kamun kifinta take fita kowace shekara da jirgi domin janyo ragar da ta ɓata, kuma tana bin wuraren da masunta da kansu suka ba da rahoto, ba lalube take yi ba. Amurka ta yi dokar sharar teku a 2006, kuma daga 2008 aka fara ajiye manyan kwantena a tashoshin masunta inda za su zuba tsohuwar raga kyauta, a cire ƙarfen a sayar, sauran a ƙona a samar da lantarki. Ostireliya ta ware dalarta miliyan 14.8, wani kaso ya tafi ga dakarun sa-ido na 'yan asalin ƙasar da suke kwashe ragar da igiyar ruwa ke kawowa gaɓar arewacin ƙasar daga wasu wurare.

Koriya ta Kudu ta bi hanyar da kowane ɗan kasuwa a Gombe zai gane nan take. Tun farkon shekarun 2000 take sayen sharar da masunta suka janyo a cikin aikinsu, don kada su mayar da ita ruwa. A Janairun 2024 kuma ta fara tsarin ajiye kuɗi a kan tarkuna, inda mai saye yake ƙara wani abu a kan farashi, a mayar masa ranar da ya dawo da tsohon tarkon, daidai da yadda ake ajiye kuɗin kwalba idan an sayi lemo za a tafi da shi gida. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta ta 2019 kan kayan roba, ta ɗora wa kamfanonin da ke ƙera kayan su masu roba nauyin biyan kuɗin tattara su idan sun tsufa.

Me ya sa za a taɓa kuɗin jama'a, alhali masu sana'ar ne suka jawo?

Tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta ba ta wanke kowa ba. Ragar da ta shekara biyar a ƙasan ruwa ba ta da suna, ba ta da lamba, ba a san wanda za a kama ba. Kifin da take kashewa kuma na kowa ne, don haka asarar ta watsu a kan dubban mutane, kowannensu ya yi rashin da bai isa ya sa shi ya ɗauki jirgi da mai ya tafi nema shi kaɗai ba. Irin wannan aiki, wanda kowa zai amfana amma babu mutum ɗaya da zai iya ɗauka, shi ne aikin hukuma, kamar yashe magudanar ruwa kafin damina.

Sai dai akwai iyaka. Kuɗin jama'a ya dace da kwashe abin da ya riga ya taru, da kafa tsarin farko. Idan aka ci gaba da biyan kuɗin kwasa shekara da shekaru ba tare da an sa wa kaya alama ba, ba tare da masu ƙerawa da masu shigo da raga sun ɗauki wani kaso ba, to gwamnati ta zama mai share wa wasu gida suna ƙara zubarwa. Shi ya sa hanyar Koriya da ta Turai suka fi ɗorewa a ganina, ko da yake sun fi wuyar kafawa. Asusun da ake ba wa wa'adin shekara biyu ko uku kuma yana da nasa rauni, domin ranar da kuɗin ya ƙare masu jirgin da suka koyi aikin sukan koma harkarsu, raga kuwa ba ta daina ɓata ba.

Akwai shaidar cewa kuɗin da aka kashe yana dawowa?

Akwai, kuma mafi bayyana ita ce ta mashigin Chesapeake a jihar Bajiniya ta Amurka. Bayan da sana'ar kama ƙaguwa ta durƙushe a can, an yi amfani da kuɗin agajin gwamnatin tarayya aka ɗauki masuntan da aka hana su aikin hunturu, aka ba su na'urar gano abin da ke ƙasan ruwa, suka shiga neman tarkunan da suka ɓata. Daga 2008 zuwa 2014 sun ciro tarkuna 34,408. Masu bincike sun lissafa cewa hakan ya ƙara yawan ƙaguwar da aka kama da tan 13,504, wanda darajarsa ta kai dala miliyan 21.3, alhali shirin ya ci kimanin dala miliyan 4.2. Dalilin ribar shi ne tarkon da ya ɓata yana gasa da tarkon da mai shi ke dubawa, yana kama abin da da ya shiga hannun masunci. Binciken ya kuma nuna cewa an fi samun amfani idan aka mayar da hankali ga wuraren da aka fi yin su, maimakon a ce sai an share ruwan gaba ɗaya.

Yaya ake ciro kayan?

A ruwa marar zurfi, masu nutso suke sauka su yanke ragar su ɗaura mata abin da zai ɗago ta, kuma aiki ne mai haɗari, domin ragar da ta kama kifi tana iya kama mutum. A ruwa mai zurfi ana jan ƙarfe mai ƙugiyoyi a bayan jirgi har ya kamo igiya, bayan an duba ƙasan da na'urar da ke aika sauti ta zana hoton abin da ke kwance. Wani lokaci ma barin kayan ya fi ciro su, idan sun daɗe har halittu sun yi gida a kansu kuma sun daina kamu.

Idan an fito da ragar, ina ake kai ta?

Nan ne shirye-shirye da yawa suke tuntuɓe, domin tara raga a bakin ruwa ba tare da mai karɓa ba ƙaura kawai aka yi wa sharar. Wani nau'in nailan ana iya narkar da shi a mayar da shi sabon zare, kamar yadda kamfanin Aquafil na Italiya yake yi, zaren kuma ya shiga darduma da tufafi. Amma ragar da ta daɗe a ruwa cike take da laka da yashi da dalma, wanke ta da rarrabe ta suna cin kuɗi. Wadda aka karɓa daga hannun masunci kafin ta faɗa ruwa ta fi tsabta, ta fi daraja, ta fi arhar sarrafawa nesa ba kusa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kamaru. Shirin Net-Works, wanda ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan da kamfanin darduma na Interface suka fara a Filifin a 2012, ya faɗaɗa zuwa Tafkin Ossa, tafkin ruwan daɗi da ayu ke zaune a cikinsa. Mazauna wurin sun riƙa tattara tsohuwar raga suna sayarwa, aka kuma haɗa cinikin da ƙungiyoyin adashi na ƙauye. Mun ga irin wannan da idonmu a garuruwanmu, domin tun da 'yan jari-bola suka sa wa tsohon ƙarfe da gwangwani farashi, da wuya ka ga ƙarfe ya kwana a kan juji.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, daga Legas zuwa Kuros Riba, da dubban ƙananan masunta a kanta. Tana cikin ƙasashe goma da aka zaɓa su jagoranci GloLitter, shirin rage sharar roba a teku wanda hukumar sufurin teku ta duniya da FAO suka kafa da tallafin Norwe, kuma sanya wa kayan su alama yana cikin abubuwan da aka tsara shirin ya koyar, bisa ƙa'idojin da FAO ta amince da su a 2018. NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, ta fitar da tsarin aiki kan sharar teku da roba a 2020. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, daga baya aka mayar da sashen kamun kifi na tarayya ƙarƙashinta daga ma'aikatar gona. A jihar Akwa Ibom kuma wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira SOFER ta kafa wuraren da masunta ke kai tsohuwar raga, mata suna sarrafa ta su yi kayan sayarwa.

Gombe da Bauchi ba su da teku. Me ya haɗa mu da wannan?

Kogin Gongola yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya wuce madatsar Dadin Kowa da ta Kiri, ya shiga Binuwai a Numan, Binuwai kuma ta haɗu da Kwara a Lokoja su gangara Atilantika. Saboda haka hanyar ruwa tsakaninmu da teku a buɗe take. Amma gaskiyar magana ita ce ragar da ta ɓata a Dadin Kowa ba kasafai za ta yi wannan doguwar tafiya ba. Za ta sarƙe da kututture ta zauna a nan, ta ci tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwan da masuncin Yamaltu Deba yake fita nema, ta naɗe farfelar injin kwalekwale, ta zama haɗari ga yaran da ke wanka idan ruwa ya ja baya. Haka abin yake a Balanga, da madatsun Gubi da Waya a Bauchi, da Tafkin Maladumba kusa da Misau. Ƙaramin ruwa ma ya fi jin ɓarnar, domin ba shi da faɗin da zai ɓoye ta.

Ta ɓangaren ciki kuma, kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a babbar kasuwar Gombe da kasuwar Wunti daga teku yake zuwa. Gwamnati takan ce ƙasar tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa a gida kuma bai kai rabin wannan ba, don haka duk abin da ya rage kifin teku yana iso mu ta hanyar farashi.

Idan gwamnatin jiha ta yarda ta ware wani abu, da me ya kamata ta fara?

Ba da sayen jirgi ko na'ura mai tsada ba. Kamun kifi a ruwan cikin ƙasa galibi yana hannun jihohi ne, kuma jiha tana da shugabancin masunta da mutane suke jin maganarsa. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta sun san wanda ya kafa raga a ina, sun san gurbin da ke cin raga kowace shekara. Matakin farko shi ne littafi a hannun sarkin ruwa na kowace mashaya, a rubuta wanda ya rasa raga, da ranar, da wurin, ba tare da tara ko barazanar kwace lasisi ba. Ranar da aka ci tarar mutum na farko saboda ya kawo rahoto, daga ranar littafin zai zama fanko.

Na biyu shi ne alama. Lambar da aka buga a jikin gora ko abin iyo, ko aka ɗaura a igiyar raga, ba ta cin kuɗin kirki, kuma tana raba gardamar satar raga da takan shiga tsakanin masunta. Na uku shi ne wurin karɓar tsohuwar raga a inda ake sauke kifi, a auna a biya da kilo, ko a ba mutum rangwame a kan sabuwa mai ido daidai da doka, ta yadda za a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin ragar mai ƙananan ido da gidan sauron da wasu ke su da shi suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Sai bayan waɗannan ne za a zo ga kwasa, a yi ta a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja baya kututture suka bayyana, kuma masuntan wurin ne za a biya su yi, da rigar ruwa da wuƙa da wanda zai tsaya musu a kwalekwale. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa da jami'o'in jihohin biyu za su iya auna abin da aka fito da shi, Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama kuma a nemi izininta da haɗin kanta a wuraren da ke hannunta.

Idan aka fara biyan kuɗi, ba za a samu masu jefa raga da gangan don su ciro a biya su ba?

Za a iya samu, idan farashin ya yi yawa. Maganinsa shi ne kuɗin da ake biya a kan kilo ya kasance ƙasa ƙwarai da kuɗin sabuwar raga, kuma wadda aka kawo daga gida da wadda aka ciro daga ruwa su zama farashi ɗaya, don kada jiƙa ta ya zama riba. Haɗarin da ya fi wannan girma yana ofis ne, inda kuɗin kan ƙare a taron bita da buga riguna da alluna kafin ya isa bakin ruwa. Shi ya sa ya kamata a riƙa biya a kan abin da aka ɗora a sikeli a gaban jama'a, a kuma liƙa lissafin kowane wata a wurin da masunta ke taruwa.

Masuncin da ragarsa ta ɓata yau, me zai yi kafin a kafa wani tsari?

Ya lura da wurin tun yana kan ruwa, ya daidaita shi da wata itaciya ko dutse a gaɓa, ko ya adana wurin a wayarsa idan tana da taswira, sa'annan ya sanar da sarkin ruwa da abokan sana'a a ranar, domin kwanakin farko ne ragar take miƙe sosai tana kamu, kuma a lokacin ne ciro ta ya fi sauƙi. Kada ya yi nutso shi kaɗai, musamman inda ruwa ke gudu ko inda dorina ke kiwo. Idan ba ta fitu ba, ya jira ruwa ya ja baya ya koma da mutane. Guntayen da yake yankewa wajen gyaran raga kuma ya tara su a buhu ya tafi da su gida, ya cire dalmar ya sake amfani da ita a sabuwar raga.